Ƙarnin kifi ya ƙi barin falona: ku da kuka sa na'urar zuƙe hayaƙi, yaya kuka yi?

Maman Sadik, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Haya muke a saman bene, taga ɗaya ce a kicin, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Bara maigidana ya sa mana na'urar zuƙe hayaƙi a saman gas, irin marar bututu, wadda ke tace iska da gawayi ta maido ta cikin kicin. Watannin farko lafiya lau. Yanzu kuwa in na soya kifi da manja, ko na jefa daddawa a miya, har labulen falo sai ya kwana yana ƙarni. Abin yana damuna ƙwarai, don Sadik yana da asma. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya gaya mana yadda ya yi.

Hajiya mai masa, Idi-Araba:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kafin ki ga laifin gawayi, ciro ragar ƙarfen nan ta ƙasa ki ɗaga ta wajen haske. Ran da na ciro tawa ko ƙyalli ba ya ratsa ta, maiƙo ya daskare kamar ƙaro. Tun daga nan duk mako biyu nake jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke. Amma kul ki sa mata kanwa. Na gwada, alminiyam ɗin ya dushe ya yi baƙi.

Malam Habu mai walda, Mile 12:
Gaskiyar Hajiya ce, kuma ni a wurin sana'a na sha darasin. Wani mai gidan abinci a Obalende ya kira ni, maƙwabtansa na sama sun ce za su kai shi ƙara LASEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Legas, saboda ƙaurin suya da soye-soye. Na ƙera masa rumfar zuƙe hayaƙi, na manna gawayin dab da raga, saitin wuta. Ba a yi wata guda ba ya sake kirana, wari ya dawo. Da na buɗe, gawayin ya jiƙe sharkaf da mai, kuɗin mutum sun tafi a banza. Na ji nauyinsa sosai, na sake aikin ban karɓi ladan hannu ba.

A karo na biyu na jera su daki-daki. Farko faranta masu lanƙwasa na ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda iska ke karo da su tana sauya hanya, man ya maƙale ya gangara cikin kwata. Bayansu matatar iska mai laushi ta kama sauran ɓurɓushi. Gawayi shi ne na ƙarshe, can nesa da wuta inda iska ta ɗan huce, don zafi yana rage masa kamu. Sannan na faɗaɗa akwatinsa, domin iskar da ta wuce a guje ba ta barin warinta. Masu tsara irin wannan aiki a Ingila suna so iska ta daɗe cikin gawayi kamar daƙiƙa 0.2 zuwa 0.4 a wurin girki mai ƙarfin wari. Babbar fanka da siririn gawayi asara ce kawai. Hayaƙin tukuba kuwa gawayi bai iya masa ba, dole muka ɗaga bututu ya wuce rufin benen.

Yaya Ummi, Alaba Rago:
To Malam, ni gawayin girki na daddaka na ɗaure a raga na cusa, don na kanti ya yi tsada. Ban ga wani sauyi ba, sai baƙin gari da ke zubo min a tukunya.

Abban Khadija, Yaba:
Yaya Ummi, ba gawayi ɗaya ba ne. Na tace iska, sau da yawa daga ɓawon kwakwa ake yinsa, a gasa shi da tururi mai zafin digiri 800 zuwa sama har ya cika da ƙananan ramuka. Giram ɗaya kan kai faɗin murabba'in mita 1,000 in aka shimfiɗa cikinsa. Cikin ramukan nan wari ke maƙalewa, in sun cika shi ke nan. Yawancin irin na gida ba a wanke shi, sauyawa ake yi duk wata 3 zuwa 6. Nawa a damina bai kai wata 3 ba, domin laimar Legas ita ma tana cin wuri a ramukan.

Maman Sadik, tunda akwai yaro mai asma, ki sani gawayi ba ya ɗauke tururi, ba ya kuma kama duk gubar da wutar gas ke fitarwa. Ko da na'urar na aiki, bar tagar nan a buɗe.

Anti Bilki, Ajah:
Mu dai mun roƙi mai gidan hayarmu ya bari aka huda bango, aka sa bututu mai inci 6, gajere, lanƙwasa ɗaya. Tun daga ranar ban sake sayen gawayi ba. Sai dai ku tsaya a kan ma'aikacin. Na farkon da muka kira ya saki bakin bututun cikin silin, bayan watanni muka ga mai yana ɗigowa ta gefen fitila. Allah ne ya tsare mu da gobara.

Maman Sadik, Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ciro ragar, yadda kika faɗa haka na same ta, yanzu haka tana cikin ruwan zafi. Gawayin ma tun da aka sa ba a taɓa sauya shi ba, wata 14 ke nan. Gobe Baban Sadik zai je Alaba da tsohon a hannu don a samu daidai girmansa, ranar Asabar kuma zai ga mai gidan kan maganar huda bango. Anti Bilki, a bakin bututunku na waje me kuka sa don hana ɓera da ruwan sama shiga?