Ƙwallon awo a hoton ƙashin ƙafa: ina kuke ajiye shi?

Na Gwammaja: Salam 'yan uwa masu ɗaukar hoton X-ray. Jiya likita ya dawo min da hoton cinyar wani bawan Allah da adaidaita ta buge, wai awon bai yi ba, ni kuma wallahi na sa ƙwallon nan na mm 25 da kwamfuta ke amfani da girmansa wajen lissafa ainihin tsayin ƙashi, kawai dai a saman cinyar na manna shi da filasta don mutumin yana ta ihu ban so na motsa shi ba. Ku ya kuke yi?

Anti ta Sharaɗa: Ai nan ka yi kuskure ƙanina. Ƙwallon sai ya zauna daidai tsayin da ƙashin yake daga kaset (farantin da hoton ke sauka a kai), a gefen cinyar. Yi lissafi, tiyub mai fitar da hasken X-ray na cm 100 daga kaset, ƙashi na cm 10 sama, hoto ya ƙara masa kusan kashi 11 cikin 100. Ƙwallonka kuwa idan yana cm 20 ƙarin ya zama 25, sai kwamfuta ta matse komai, ƙashin cm 40 ya fito kamar 35 da rabi. Ka ga da likitoci sun zaɓi gajeren ƙarfen da za a sa a ƙashin ke nan.

Ɗan Kurna: Ni akasin haka na taɓa yi lokacin ina ɗalibi, a kan tebur na ajiye shi kusa da ƙafar, ƙashi ya fito ya fi tsayinsa. Oga bai ce min komai ba, kallo ɗaya ya min na sake.

Anti ta Sharaɗa: Hhh wannan kallon mun sha shi.

Malam na Dala: Ƙwauri yana da sauƙi, in hoton gefe ne ku manna a gaban ƙwaurin tunda ƙashin na ƙarƙashin fata, in na gaba ne ku koma gefe. Kwatangwalo ne rigima, musamman mai jiki, sai tsakanin cinyoyi can sama, kuma ga kunya, mata kam ina kiran nas ko na miƙa wa mai ita ta sa da kanta na duba a hoton ko ya zame.

Ɗan Kurna: Wani wajen da na yi aiki kwabo suke sawa fa.

Malam na Dala: Kwabo in ya karkata faɗinsa ya canza, ƙwallo kuwa duk yadda ya juya ɗaya ne. Kuma kar ya tafi can bakin kaset, rabi ya yanke.

Na Gwammaja: Na gode Anti, na gode Malam. Mutumin zai dawo gobe ƙarfe 9, sai na nemi soso na tokare ƙwallon a gefe.