Na ga keke na hannu a intanet, kuɗinsa ya yi mini amma ina shakkar girmansa

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san keke, domin ina gab da tura kuɗi amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina zaune a Gwammaja, ina aiki a wani kamfani a Sharaɗa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin adaidaita sahu ke cinye mini albashi, saboda sai na hau biyu kafin in isa, in sake hawa biyu kafin in dawo gida. Achaɓa kuwa an hana ta a Kano tun 2013. Shi ya sa na yanke shawarar sayen keke.

Na ga wani keke ɗan Beljiyam a Facebook, baƙi mai ratsin ja, mai giya da birkin faifai, ƙarfensa na alminiyam, tayoyinsa inci 29, kuma an rubuta harafin L a jikinsa, alamar babba ne. Mai shi ya ce naira 120,000, muka yi ciniki har ya sallama a 95,000. Yana Kaduna, ya ce in tura rabi, zai sa shi a mota in karɓa a tashar Unguwa Uku, sannan in cika sauran. Tsawona mita 1.63 ne. Da na gaya masa haka sai ya ce ba komai, a sauke sirdi kawai. Shin gaskiya ne sauke sirdi yana isa, kuma kuɗin bai yi yawa ba?

Baba Mai Gyara:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina gyaran keke, tun lokacin da Rali da Fonis ne kaɗai a titi, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne wannan keken ba naka ba ne, ko da kyauta aka ba ka. Sauke sirdi yana gyara nisan ƙafa da feda ne kawai. Ba ya rage tsawon sandar sama, wadda ta taso daga wuyan keke zuwa ƙarƙashin sirdi, ba ya kuma matso maka da kan keke kusa. Mutum mai tsawonka idan ya hau L zai riƙa miƙa hannu kamar mai ɗauko kaya daga saman kanta, nauyinsa duka ya koma kan tafin hannu, kafin sati biyu wuya da kafaɗa da ƙugu su fara ciwo. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tsayawa. A cunkoson Kano za ka tsaya ba shiri sau da yawa, ɗan adaidaita ya yanko gabanka don ya ɗauki fasinja, kai kuma ka diro daga sirdi, sandar sama ta same ka a matsematsi kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa.

Ka yi wannan awon yau da dare. Cire takalmi, ka jingina da bango, ka matse littafi mai kauri tsakanin cinyoyinka har ya tokare sama kamar sirdi, wani ya auna da tef ɗin tela daga ƙasa zuwa saman littafin. Sai ka ce wa mai keken ya auna daga ƙasa zuwa tsakiyar sandar sama, ya ɗauki hoto da tef ɗin a jiki. Dole awonka ya fi nasa, kuma a irin wannan keken ina son a sami ratar santimita 5 ko fiye. A ganina kai S ne naka, wato ƙarfe mai inci 15 ko 16, idan an auna daga inda feda ke juyawa zuwa bakin bututun da sandar sirdi ke shiga. Kada ka rikita wannan da inci 29 ɗin da ya faɗa maka, wancan girman taya ne, kuma mutane da yawa a nan suke faɗawa.

Idan ka sami wanda ya yi maka, ga yadda ake saita sirdi: ka zauna, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, to nan ne daidai.

Maman Walid:

Ƙanena, ka ji maganar Baba. Ni ba girma ne ya cuce ni ba, hoto ne. Bara na saya wa ɗana keke don zuwa makaranta daga hannun wani da ban taɓa gani ba, hoton yana ƙyalli, na tura kuɗi duka. Da ya iso sai muka tarar an yi masa sabon fenti ne a kan tsatsa, ƙafar baya tana rawa tana gugar birki, kuma a ƙarƙashin wata sitika da aka manna kusa da wuyansa akwai tsagewa. Na kira shi ya ce lafiya lau ya sa shi a mota, direba kuma ya ce haka aka ba shi. Har yau keken yana jingine a soro. Idan mutum ya ƙi nuna maka kaya a bidiyo kai tsaye, yana juya shi duk inda ka ce, kada ka tura masa ko naira ɗaya.

Malam Na Ƙofar Mata:

Ina so in yi magana a kan kuɗin, domin 95,000 ba shi ne farashin wannan keken ba, shi ne farkon farashinsa. Ka ɗora kuɗin mota daga Kaduna, sannan ka ɗora abin da ba ya fitowa a hoto. Keken da aka yi shekaru ana hawa, sarƙarsa takan miƙe, kuma sarƙar da ta miƙe tana cinye haƙoran giya har su yi tsini kamar ƙaya, ta yadda in ka sa sabuwa za ta riƙa tsallake su, sai dai a canza duka tare. Gwajin mai sauƙi ne ga wanda keken ke gabansa: ya ja sarƙar daga gaban babban faifan feda, idan ta ɗago har ana hango haƙori a ƙarƙashinta, ta gama aiki. Haka boris ɗin ƙafafu da na gindin feda, sai an girgiza da hannu ake jin ko suna da wasa.

Sannan ka yi tunanin gyara a unguwarku. Taya da tif na inci 26 sun fi sauƙin samu a wurin masu gyaranmu, su kuwa na 29 sai ka yi yawon nema a Sabon Gari. Ka tambaye shi ko birkin faifan nan na waya ne ko na mai, saboda na mai ba kowane mai gyara ne ke da kayan aikinsa ba. Ka duba bakin tif ɗin kuma, idan siriri ne mai ɗan ƙusa a kai, famfon mai faci na bakin titi ba zai kama shi ba sai da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa. Alminiyam yana da daɗin rashin nauyi kuma ba ya tsatsa, amma idan ya tsage ba kowane mai walda ne zai iya masa ba, saɓanin baƙin ƙarfe. Maganaɗisu yana bambance su, yana kama ƙarfe ba ya kama alminiyam.

Malamanmu na fiƙihu sun halatta sayen abin da ba a gani ba bisa siffantawa, da cewa idan ya zo saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin mayarwa. To amma ka tambayi kanka, idan rabin kuɗinka yana hannun mutumin da ba ka san gidansa ba, a ina za ka yi amfani da wannan zaɓin?

Mahayin Zoo Road:

Yaya, ni ban ga laifin intanet ba, don keken da nake hawa yanzu a can na gan shi, kuma ban yi nadama ba. Abin da na yi shi ne na taƙaita nemana a cikin Kano, muka haɗu da mai shi da rana a gaban shagon mai gyarana, na hau na zaga, mai gyaran ya kifa shi ya juya ƙafafun. Na kuma nemi rasit, na duba lambar da aka buga a ƙarƙashin gindin feda ko an kankare ta, domin kekunan sata suna yawo, kuma araha mai yawa tana sa ni tsoro. Da muka ga tayar baya ta suɗe, a nan take aka rage mini kuɗinta.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, na yi awon kamar yadda ka ce, ƙanena ya riƙe tef, muka sami santimita 75. Mai keken ya yi mini adalci, ya auna ya turo hoto, sandar sama tana kan 81, wato ko a kan yatsu na tsaya ba zan tsira ba. Na ba shi haƙuri na ce na fasa, kuma bai ji haushi ba.

Yanzu na ga wani a Hotoro, mai taya 26 da birkin waya, fentinsa ya koɗe amma mai shi ya ce inci 16 ne, kuma ya yarda in zo in hau ranar Asabar bayan la'asar. Zan tafi da tef da maganaɗisu. Baba, idan na kifa shi na juya ƙafar baya na ga tana ɗan rawa kaɗan, wannan abin da ɗaure wayoyin ƙafar zai gyara ne, ko alama ce cewa rim ɗin ya lanƙwashe?