Bazarar Littafi da Bazarar Gida

Malamar aji huɗu, daga wajen Ringim:
Yau na buɗe wa yara littafi, ga hoton bazarar Turai: furanni, ciyawa kore shar. Wata yarinya tana share gumi da gefen hijabinta ta ce, "Malama, mu ina tamu bazarar?" Na kawo muku tambayar, iyayena. A amsa da waƙa, gobe in karanta musu.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai juya rani ya kai bazara.
Yara sun tsare ni da tambaya,
Na zo ga manya neman shawara.
Littafi ya ce fure da ni'ima,
Mu ko gumi ya hana mu sarara.

Baba manomi, daga ƙauyen Gezawa:
Malama 'yata, gaya wa yaran,
Gida huɗu ne a cikin shekara:
Damina, kaka, sannan rani,
Ta huɗunsu ita ce bazara.
Hunturu na kwashe ƙurarsa,
Daga Maris zafi ya fara.
Rijiya ta ja ruwanta ƙasa,
Igiyar guga sai an ƙara.
Mu ko tun asuba muna gona,
Muna sassabe, muna tara kara.
Jaki na kai taki a mangala,
A zuba tsibi-tsibi, a jera.

Gwaggo mai daddawa:
Yaya, ka kawo zafi zalla,
Ka manta da zaƙin ɗorawa.
Tun da rani take fidda tutu,
Ja wur a reshe, gwanin sha'awa.
Bazara na yi 'ya'ya su nuna,
Yara da ƙugiya suna kaɗowa.
Baki ya yi rawaya da gari,
Kalwar tawa ce, ta daddawa.
Mangwaro ya cika kwanduna,
Har na ƙasa akuya ke ƙyalewa.
Ku dubi gawo, yara, ku lura,
Ya saɓa wa sauran itatuwa:
Yanzu da zafi yake da ganye,
Tumaki a inuwarsa suke hutawa.
Damina na zuwa ya kaɗe shi,
Geron gindinsa ya fi na kowa.

Malam mai makarantar allo:
Gwaggo, a ba ni fili kaɗan,
In ɗora nawa kan na magabatana.
Balarabe Rabi'u yake kiran bazara,
A Rabi'ul Awwal ku ga wannan suna.
Amma lissafin wata zagayawa yake,
Da kwana 11 ya gaza na rana.
Shi ya sa azumi kan faɗo a zafi,
Bayan shekaru ya faɗo a damina.

Kawu malamin labarin ƙasa, daga Haɗeja:
Malama, kada yarinyar ta ɗauka littafin ƙarya ya yi mata. Duniya a ɗan karkace take kewaya rana, shi ya sa lokaci ɗaya kan zo wa kowace ƙasa da tasa fuskar.

Hoton littafin gaskiya ne,
Amma na can ne, arewacin duniya.
Wajen 20 ga Maris ko 21,
Dare da yini tsawonsu ɗaya.
Ƙanƙara ta narke a Jamus da Rasha,
Ganye ya toho a kan bishiya.
Mutanen Iran su ce Nauruz,
Sabuwar shekara, gida ya sha kwalliya.
Masu watsa wa juna garin launi,
Holi ke nan, bikin Indiya.
A Japan a shimfiɗa gindin sakura,
A wuni kallon fure, ba gajiya.
Ga abin da ya haɗa mu da su, yara,
Ku zo fadamarmu, ku zo Baturiya.
Tsuntsayen Turai nan suke gudun sanyi,
Agwagin ruwa garke-garke a tafki ɗaya.
Bazara na yi su tashi arewa,
Su ƙetare Sahara, doguwar tafiya.
Furen da kuka gani a littafi,
Can za su same shi, su yi sheƙa da 'ya'ya.

Inna unguwarzoma:
Ni da kashedi na shigo, Malama,
Zafin nan kan zo da cututtuka.
Sanƙarau na son cunkoson ɗaki,
A buɗe taga, a sha iska.
A sha ruwan randa akai-akai,
A bar buga ƙwallo rana tsaka.
In yaro na zazzaɓi, wuya ya ƙage,
Asibiti maza, kar a tsaya shakka.

Malamar aji huɗu:
Allah ya saka da alheri. Kawu, baitin tsuntsayen nan har zuciyata. Amma na san yaran nan, gobe za su ce: su can suna da biki, mu fa?

Baba manomi:
'Yata, bikinmu ba ya kalanda,
Sai ranar da gabas ta haɗa hadari.
Guguwa ta taso ta kwashi yayi,
Iska ta biyo ta rufe gari.
Ɗigon farko ya daki turɓaya,
Ƙamshin ƙasa ya tashi da sauri.
Yara su ruga wanka tsakar gida,
Uwaye na jera bokiti a jeri.
In danshi ya sauka ƙasa sosai,
Da asuba kowa ya fito da iri.
Ni da sungumi ina sara a gaba,
Jikoki na bina da gero fari.
Su jefa, su taka da ƙafa su rufe,
Gona ta cika, ba kowa a gari.
Mu fita fili roƙon ruwa,
Liman a gaba, in ya yi jinkiri.

Gwaggo mai daddawa:
To Yaya, maza ka ɗauko sungumi,
Da safen nan na ga shamuwa.
Biyu ne, kan tsamiyar masallaci,
Daga kudu suka sha tafiyar zuwa.
Ɗaya da tsinke riƙe a baki,
Tsohuwar sheƙarsu suke gyarawa.