Firinta na ɓacewa, data na ƙarewa, sito ba ya samun sigina: daga ina gyara zai fara?

Mai_Sari_Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin harkar kwamfuta. Muna da shagon sarin kayan masarufi a nan Garwa ta Kamaru, kusa da babbar kasuwa. Kwamfutocinmu uku: ɗaya a wajen mai karɓar kuɗi, ɗaya a ofis wadda manhajar lissafin kaya take cikinta, ɗaya kuma a sito, wanda ke bayanmu da kamar mita 150, da titi a tsakani. Akwai firinta ɗaya da kyamarori huɗu. Dukkansu a kan Wi-Fi na ɗan akwatin 4G guda suke. Firinta takan ɓace bayan an ɗauke wuta, kwamfutar gaba takan daina ganin ta ofis, sito sai an yi sa'a yake kamawa, data kuma ba ta kai mu rabin wata. An ce in canza kamfanin waya ko in ƙara sayen data. Shin nan matsalar take?

Injiniya_Marwa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ƙara ko sisi a kan data tukuna. Abu biyu ne aka haɗe maka su wuri guda: haɗin cikin gida, wato yadda na'urorinka ke magana da juna, da kuma intanet, wato hanyar fita waje. Kwamfutar gaba ba ta buƙatar intanet kafin ta ga ta ofis ko firinta. Ka gwada da kanka: cire SIM daga akwatin, ka bar shi a kunne, ka tura takarda zuwa firinta. Idan ta fito, ka ga rezo, wato siginar kamfanin waya, ba shi da hannu a ciki. Idan kuma manhajar lissafin ta tsaya cak da cire SIM ɗin, to irin wadda ke ajiye bayananta a intanet ce, wannan magana ce ta daban tsakaninka da wanda ya sayar maka da ita.

Ɓacewar firinta kuwa sananniyar cuta ce. Akwatin shi ke raba wa kowace na'ura lamba, adireshin IP, kamar 192.168.1.23, ta tsarin da ake kira DHCP. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, yana iya sake rabo, firinta ta samu sabuwar lamba, kwamfuta kuma tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. Magani: a shiga saitin akwatin a taƙaita rabonsa zuwa lambobin da suka ƙare da .100 zuwa .200, sannan a ba kwamfutar ofis .10, firinta .20, na'urar ɗaukar hoton kyamara .30, lambobi na dindindin. A rubuta su a takarda a manna jikin bango.

Sannan duk abin da ba ya motsi a sa masa waya. Ka sayi suwic, wato akwatin da ake soka wayoyin na'urori a ciki don su haɗu, mai rami 8 na gigabit da wayar haɗa kwamfuta ta Cat6, kwalinta guda mita 305 ne, zai ishe ka har da saura. Ka kula da wadda aka rubuta CCA a jikinta: alminiyam ne aka shafa masa tagulla, ta fi araha amma tana karyewa a bakin kai, kuma ba ta ɗaukar wutar kyamara da kyau. Ka kankare silin guda da reza, idan cikinsa ya fito fari, ka ajiye musu abarsu. Wajen matse kan wayar, wanda ake kira RJ45, a bi jeri ɗaya a bakin biyu: fari da ruwan goro, ruwan goro, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Gigabit na aiki da silin takwas ɗin duka. Idan ɗaya bai shiga ba, haɗin zai iya faɗowa zuwa megabit 100 ba tare da kowa ya lura ba, don haka mai aikin ya gwada kowace waya da tasta, wato na'urar gwajin waya, a gabanka. Kada kuma a ɗaure ta tare da wayar wutar 220.

Malam_Rezo:

Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne a cikin shago, amma kada wani ya ce zai ja maka wannan wayar har sito. Iyakarta mita 100 ne, ku kuwa kuna da 150. Ko da ta kai, wayar tagulla a sararin sama tsakanin gini biyu gayyatar tsawa ce, kuma kowa ya san yadda hadarin damina yake a arewa. Ba sai ta faɗo kan wayar ba, ta faɗi kusa ma ya isa ya ƙone suwic na nan da na can.

Hanya biyu ce. Ko faiba, wadda gilashi ce ba ta ɗaukar wuta, da ƙaramar na'urar juya sigina a kowane baki. Sai dai tsallaka titi da ita na buƙatar izini da turaku ko haƙa. Ko kuma rediyo biyu na waje masu kallon juna a kan 5 GHz, irin su NanoStation na Ubiquiti ko CPE na TP-Link. Ga wannan tazarar ni rediyon zan ce ka ɗauka. Sharaɗinsa guda: su ga juna ido da ido. Bishiyar dogon yaro ɗaya a tsakani ta isa ta lalata aikin, musamman idan ganye ya jiƙe. A ɗaga su sama da rufin kwano, a rage musu ƙarfi tunda kusa ne, a yi musu wayar ƙasa.

Wuta kuma, akwatin 4G da suwic a haɗe da ƙyar suke cin wat 20. Batir 12V 7Ah na da wat-awa 84 a rubuce, amma idan kana so ya yi ƙarko rabinsa za ka riƙa ci, wato kamar awa biyu. In kana da sola, ka ɗora su a kanta. Kwamfutar ofis ita ce ta fi cancantar UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, don yankewar wuta tana tsakiyar rubuta lissafi shi ke lalata bayanai. Kuma kada a kulle na'urorin a akwatin ƙarfe marar iska. Zafin Maris da Afrilu na wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe ramukan iska.

Hajiya_Lissafi:

Alhaji, barka da kasuwa. Ɓarawon datarka ina kyautata zaton kyamarorin ne. Kyamara ɗaya mai turo hoto a megabit 2 cikin daƙiƙa tana cin kusan megabayit 900 a awa, giga 21 da ɗoriya a yini da kwana. Ka ninka sau huɗu. Hoton ya kamata ya zauna a faifan na'urar da ke shago. Idan za ka leƙa daga waya, ka zaɓi ƙaramin hoto, ka rufe da ka gama. Na biyu Windows, mai sauke sabuntawa ba sallama. A saitin haɗin akwai wurin da ake gaya mata cewa data a ƙidaye take. Na uku yaran shago da maƙwabta. Ka buɗe musu Wi-Fi na baƙi daban, ka ƙayyade masa gudu, na aiki kuma ka sa masa makullin WPA2 da doguwar kalmar sirri, ka kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Kalmar shiga akwatin da ta kyamara, idan har yanzu "admin" ce, yau ɗin nan ka canza.

SIM na biyu daga wani kamfanin, misali ɗaya MTN ɗaya Orange, ko faibar Camtel idan ta iso layinku, yana da amfani saboda karɓar kuɗi ta waya. Amma ba shi ne komai ba: a Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da yawa har da Kamaru sun ji a jikinsu, ba kamfani ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin manhajar da za ta iya sayarwa ta buga rasit babu intanet ta fi dacewa da shagon sari.

Mai_Sari_Garwa:

Allah ya saka da alheri. Na cire SIM, manhajar ta ci gaba da aiki. Ina da wata tsohuwar rauta, akwatin raba Wi-Fi, zan iya sa ta a sito don wayoyin yara?

Injiniya_Marwa:

Za ka iya, Alhaji, amma a kashe DHCP ɗinta, a ba ta lamba .40, a soka wayar da ta fito daga rediyo a ramin da aka rubuta LAN, ba wanda aka rubuta WAN ba. Idan aka bar masu rabon lamba biyu a gida ɗaya, ɓacewar firintar za ta dawo ta fi da. Bayan an gama, daga kwamfutar sito a buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta ping 192.168.1.10, lambar kwamfutar ofis ke nan. Amsa ta zo, haɗin gida lafiya. Sai ping 8.8.8.8 don gwada intanet. Idan kuma aka rubuta ipconfig a nan cikin cmd ya nuna lamba mai farawa da 169.254, kwamfutar ba ta samu mai ba ta lamba ba ke nan, a koma a duba waya da saitin rediyon.