Wai kore yana "wakiltar" noma?

Malamin Hausa: Salam jama'a. Jiya ina duba littafin ɗana sai na ga an rubuta koren tutar Najeriya yana wakiltar noma, fari kuma zaman lafiya. Ni dai wannan ba Hausa ba ce, kawai an ga kalmar Turanci represent sai aka ɗauko wakilta aka manna. Launi alama ce, wakili kuwa mutum ne da ka tura a madadinka.

Ɗalibar jami'a: Malam Allah ya ƙara basira, amma ai kowa na ganewa, a rediyo ma haka ake faɗa, in kunne ya saba ai ta zama tamu.

Malamin Hausa: 'Yata, ganewa daban, daidai daban. Ranar ɗaurin aure wakilin ango zai tsaya ya karɓi aure, in ya yi kuskure a tuhume shi, haka 'yan Majalisar Wakilai 360 ɗin nan, kowa da mazaɓar da ta turo shi kuma za ta iya ƙin sake zaɓensa. To wa ya tura kore? Wa zai tuhume shi?

Lauya: Malam na da gaskiya, matsalar kalmar tana da fuska da yawa. In na tsaya wa mutum a kotu represent ne, Y ɗin nan na tambarin Najeriya da ke nuna haɗuwar kogin Neja da Binuwai shi ma represent, a lissafi x ta tsaya a madadin lamba, sannan in aka ce wani adadi represents 20% ai nufin kawai ya kai kashi 20 cikin 100, amma wallahi na taɓa ganin an rubuta "yana wakiltar kashi 20", abin ya dame ni sosai.

Ɗalibar jami'a: Wannan na kashi 20 kam na yarda bai yi ba. Amma Barista mu ma fa mun faɗaɗa wakili, ɗan jaridar da ke aiko rahoto daga Abuja wakilinmu ake ce masa, alhali Bature ba ya kiransa representative. In wannan ta karɓu me zai hana ta tuta?

Malamin Hausa: Shi ma ai mutum ne, gidan rediyon ne ya tura shi. Ga "alama ce ta", ga "na nuni da", ga "na nufin", duk muna da su a gida.

Ɗalibar jami'a: To Malam ƙungiyar Super Eagles fa, in ta je gasa tana wakiltar ƙasa ko ko?

Malamin Hausa: Tana wakilta mana, mutane 11 ne a fili. Mikiyar da ke jikin rigarsu ce alama.