Ɗiyata na son ilimin kwamfuta da labarin ƙasa: shin taura biyu za ta taunu?

Uba daga Birni:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da ma'aikata da ke wannan zaure a kan wata magana da ta hana ni sukuni tun da sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya fito. Ɗiyata ta fari ta ci jarrabawar a ɓangaren kimiyya, kuma abin da take so shi ne ilimin kwamfuta, wanda muke kira anformatik, amma kuma zuciyarta na kan labarin ƙasa da sha'anin muhalli, domin tun tana ƙarama take bin kakanta gona a wajen Mirya. Ni na fi son ta zauna kusa da mu a Jami'ar André Salifou nan Damagaram. Kawunta kuwa ya ce in tura ta Yamai ko ƙasar waje ta karanta kwamfuta zalla, saboda a ganinsa taura biyu ba ta taunuwa, kuma wanda ya raba hankalinsa tsakanin fannoni biyu zai fito bai ƙware a ko ɗaya ba. Shin haɗa kwamfuta da wani fanni karatu ne na gaske da ake samun aiki da shi, ko kuwa ɓata shekaru ne?

Malamin Labarin Ƙasa:

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sanya wa karatun yarinya albarka. Maganar kawunta tana da tushe, amma ina ganin bai san yadda fanninmu ya sauya ba, domin yau ba a yin binciken ƙasa mai inganci ba tare da kwamfuta ba.

Bari in kawo misali daga gonakinmu. Binciken da masana Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu ƴan Nijar suka yi ya nuna cewa manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun raya itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa a gona su sassabe shi su rene shi. An gane girman wannan aiki ne da aka gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, sannan aka bi ƙauyukan Magariya da Matamaye da Mirya da ƙafa don tabbatarwa. A wancan lokaci samun irin waɗannan hotuna abu ne mai tsada. Tun shekarar 2008 hotunan tauraron Landsat na Amurka suka zama kyauta, sannan a 2015 Turai ta harba Sentinel-2, wanda kowane ɗigon hotonsa yake wakiltar mita 10 a ƙasa, kuma yanzu ana samun sabon hoton wuri ɗaya kusan kowane kwana 5. Ɗalibin da ke da kwamfuta madaidaiciya da manhajar zana taswira ta QGIS, wadda ita ma kyauta ce, zai iya bin yadda rairayi ke cin kwaruruwan Gure daga shekara zuwa shekara yana zaune a Damagaram.

To amma ga inda sanin ƙasa yake shigowa. Gawo, wanda shi ne ya fi yawa a gonakin nan, yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, akasin sauran itatuwa. Wanda ya iya rubuta manhaja amma bai san halin gawo ba zai ɗauki hoton watan Agusta, lokacin da gero ya rufe ƙasa kuma gawon ya zama ƙirare, ya ce babu itace. Ɗiyarka da ta taso tana ganin dabbobi na tsintar ƴaƴan gawo da rani za ta san cewa hoton watan Fabrairu ya kamata a nema. Wannan sani ba ƙaramin jari ba ne, kuma ba a cikin ajin anformatik ake samun sa ba.

Hajiya Mai Ƙididdigar Lafiya:

Na goyi bayan Malam, kuma a fannin lafiya ma haka abin yake. Rahotannin cibiyoyin lafiya na ƙasar nan suna shiga wata manhaja mai suna DHIS2, wadda aka gina a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway, jami'ar gwamnati, inda masana kwamfuta da masana lafiyar al'umma suka zauna tare shekara da shekaru. Na taɓa ganin wata cibiya ta karkara da rahotonta ya nuna babu mai zazzaɓin cizon sauro ko ɗaya a watan Satumba, wato a tsakiyar lokacin da cutar ta fi tsananta. Matashin da ke kula da na'urar ya ɗauka nasara ce. Da muka bincika sai muka tarar kayan gwajin jini ne suka ƙare, shi ya sa ba a rubuta kowa ba. Muna matuƙar buƙatar ma'aikatan da suka iya lissafi da kwamfuta kuma suka san abin da lambobin ke nufi a ƙauye, kuma mata a wannan aiki ƙalilan ne ƙwarai.

Injiniya daga Zongo:

Baba, da izinin manyana, ina so in ja hankali ga wani ɓangare da ba a taɓo ba, domin ni kwamfuta zalla na karanta kuma ina aiki da waɗanda suka haɗa fannoni. Iya amfani da QGIS ko cika DHIS2 ba shi ne ilimin kwamfuta ba, kamar yadda iya tuƙa mota bai mai da mutum makanike ba. Ilimin kwamfuta yana da ginshiƙai: aljabara, da ƙididdiga, da tsara matakan warware matsala waɗanda ake kira algoritim, da sanin yadda ake gina rumbun bayanai. Waɗannan suna cin shekaru, kuma sun fi shiga kai tun mutum yana da ƙuruciya, lissafin lise bai gushe masa ba. A abin da na gani, ya fi sauƙi wanda ya yi lisansi a lissafi da kwamfuta ya koma labarin ƙasa a matakin masta, fiye da wanda ya bar lissafi shekara 3 ya dawo yana neman kama shi.

Tsarin da jami'o'inmu ke bi, wato lisansi shekara 3, masta shekara 2, dakta shekara 3, ya ba da damar yin haka, tun da ba dole ba ne a tauna taurar biyu a lokaci guda. Abin da ya rage shi ne tsangayoyi su buɗe wa juna ƙofa, ɗalibin kimiyya ya iya ɗaukar darasin labarin ƙasa a tsangayar adabi a lissafa masa makinsa, kuma malamai biyu daga sassa dabam su duba kundin ɗalibi ɗaya. Jami'ar André Salifou da aka kafa a 2010 yarinya ce har yanzu, saboda haka gyara irin wannan ya fi mata sauƙi fiye da tsofaffin jami'o'in da kowane sashe ya daɗe da kafa katangarsa.

Akwai kuma wani fili da ke jiran irin ɗiyarka. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma na'ura na shan wahalar bambanta gari na zama da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwan sama, saboda rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Injiniya shi kaɗai ba zai warware wannan ba, sai ya zauna da masanin harshe.

Malamin Labarin Ƙasa:

Injiniya ya faɗi gaskiya game da lissafi, kuma na yarda da jerin da ya kawo idan har yarinyar tana da ƙarfi a wannan darasi. Sharaɗina ɗaya ne: kada ta yanke da gona a shekarun lisansin. Kowane hutu ta riƙa zuwa Mirya da wayarta tana ɗaukar wurin da kowane itace yake a gonar kakanta, tana rubuta ranar shuka da ranar da ruwa ya sauka, ta yadda ranar da za ta zaɓi batun masta tana da bayanan shekara 3 a hannu.

Uba daga Birni:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyarta da kawunta amsoshinku jiya bayan sallar isha'i, kuma lissafi yana cikin darussan da ta fi samun maki a bak. Ranar Litinin za mu je jami'a tare da ita mu tambayi tsangayar kimiyya darussan da ake koyarwa a shekarar farko da adadin awannin da ɗalibai ke samu a ɗakin kwamfuta. Malam, idan ba damuwa, ina roƙon ka rubuto mana sunan manhajar waya da za ta fara ɗaukar wuraren itatuwan da ita kafin a yi girbi.