Saura sati shida a fara mastar, kwantabilite da lissafin kuɗi sun gagare ni

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon magana. Na samu gurbin mastar a fannin tafiyar da kamfani nan Damagaram, darasin yamma, saura sati shida a fara. Ni bak A na yi, ɓangaren adabi, lisans ɗina a jeyografi ne, rabona da lissafi tun tarminal. Shekara huɗu na yi wa wata ƙungiya aiki, muna zagaya ƙauyukan Mirya da Magarya da Matamaye da takardun tambayoyi, bara kwangilar ta ƙare. Kawuna ne ya sayar da sa ya biya kuɗin shekarar farko, ya kuma shaida wa dangi duka, har surukaina sun ji. Ga iyalina da juna biyu, ga haya. Satin jiya aka yi mana gwajin share fage, na samu 6 bisa 20. Na sa an kawo mini wani babban littafin akanta na Turanci daga Kano, da dare kuma ina kallon bidiyo a YouTube in akwai wuta. Na haddace ma'anoni sun fi 100, amma da an ba ni aiki sai kaina ya ɗaure. Ta ina zan kama? Wallahi barci ma ba na samu.

Hajiya ta Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka. Amma ba ka faɗi abin da za a auna shawara da shi ba: 6 ɗin nan a wane ɓangare ka same su, wane ɓangare ka bari fayau? Kana da kwamfuta mai Excel ko waya ce kawai? Awa nawa kake da ita a yini?

Tsohon Kwantabul:
Yaro, ajiye littafin Kano tukuna. Ba laifin littafin ba ne, ba shi za a tambaye ka ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, Najeriya ba ta ciki. Tsarinmu na kwantabilite SYSCOHADA ne wanda aka gyara, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, kuma kowane kwant, wato asusu, da lambarsa. Ka sa a yi maka fotokopin jerin kwant ɗin, ka riƙe azuzuwan: 1 jari da bashi mai dogon zango, 2 kadarori masu daɗewa, 3 kayan sito, 4 masu bin ka da waɗanda kake bi, 5 banki da akwatin kuɗi, 6 abin da harka ta ci, 7 abin da harka ta kawo, 8 abin da ba na yau da kullum ba. Daga 1 zuwa 5 bilan suke zuwa, wato teburin abin da harka ta mallaka da abin da ake bin ta, sauran su ke fitar da riba ko faɗuwa.

Hadda ba ta aiki a nan, hannu ne. Ɗauki kaye ka rubuta wannan. Mai shago a Kasuwar Dole ya ɗauki katan-katan na sabulu bashi, na sefa 500.000, TVA, harajin da ake ɗorawa kan ciniki, kashi 19 cikin 100, wato 95.000. A debi, ɓangaren hagu: 601 sayen kaya 500.000, da 4452 TVA da za a maido 95.000. A kiredi, ɓangaren dama: 401 mai kawo kaya 595.000. Hagu da dama sun yi daidai. Ya sayar da su duka, shi ma bashi, a 650.000, TVA 123.500. Debi 411 mai saye 773.500, kiredi 701 ciniki 650.000, kiredi 4431 TVA 123.500.

Yanzu dubi abin da ya fito. A takarda ya ci ribar 150.000. A akwati ko dala babu, mai kawo kaya yana bin sa 595.000, ofishin haraji yana jiran 28.500, bambancin TVA biyun. Riba daban, kuɗin hannu daban. Wanda ya gane wannan ya gane rabin shekarar farko.

Wurare biyu da ɗalibai ke zamewa. In an ba ka 595.000 aka ce fitar da TVA, kada ka ninka da 0,19, zai ba ka 113.050, kuskure ne. Raba da 1,19 ka samu 500.000, ragowar ita ce TVA. Na biyu, takardar banki tana rubuta kiredi in kuɗi sun shigo maka, don littafin banki ne, kai kake bin sa. A naka littafin debi 521 ne, kwant ɗin banki.

Ɗan Garin Malam:
Na gode Baba. Amma littafin nan jaka 18 na saye shi, kuma mai bidiyon ya ce debi da kiredi ɗaya ne a duk duniya. Ni a ganina gara in fara da ƙididdiga, tunda shekara huɗu ina cikin aikin tambayoyi, can na fi ƙarfi. In na samu maki a can sai ya rufe mini na kwantabilite.

Malamar Ƙididdiga:
Ɗan uwa, cika takardar tambayoyi wani abu ne, fassara ta wani abu ne. Duk da haka, Baba Kwantabul, ban yarda a bar ƙididdiga a baya ba. Kwantabilite ana ramawa a zagaye na biyu na jarrabawa, amma kundin kammala mastar in samfurinsa ya lalace, shekara guda ce ta tafi.

Gwada kanka da wannan. Shaguna biyar, cinikin yini: 20.000, 25.000, 30.000, 35.000, 390.000. Jimla 500.000, matsakaici 100.000. Amma huɗu daga cikinsu ko 40.000 ba su kai ba, babban dillali ɗaya ne ya ja lissafin sama. Adadin da ke tsakiya in an jera su, wato mediyan, 30.000 ne, shi ya fi faɗin gaskiyar layin. Dole ka san lokacin da za ka ba da wannan da lokacin da za ka ba da wancan.

Sai ekar-tip, ma'aunin yadda adadi suka watsu. Ɗauki 2, 4, 6. Matsakaici 4, tazarar kowanne ka ninka ta da kanta ka tara, 8 ke nan. In su ne jama'ar duka, raba da 3, tushensa 1,63. In samfuri ne aka ɗebo, raba da 2, wato n a cire 1, tushensa 2. Excel yana da duka biyun, mutane suna danna wanda ya fara fitowa.

Adadin mutum 385 na samfuri da kake gani a kundaye kuma ba daga sama ya faɗo ba: 1,96 sau 1,96 sau 0,25, a raba da 0,05 sau 0,05, ya ba da 384,16, a cike shi sama. Amma sharaɗinsa a zaɓi mutanen ta ƙuri'a. In ƴan unguwarku da abokan WhatsApp ka tambaya, ko 1.000 ne ba su wakilci Damagaram ba. Abin da ya fi ɓata mana bayanai a nan kuma shi ne dala. Ɗan kasuwa ya ce maka dubu, yana nufin dala dubu, sefa 5.000. Na wajen Magarya ma zai iya ba ka da naira. In takardarka ba ta da gurbin rubuta irin kuɗin, lissafinka ya karkace ninki biyar ba ka sani ba.

Ɗan Sabon Gari:
Ai matsalar ma ba ta ɗalibai ba ce. Makarantun nan suna karɓar mai bak A da mai bak G2 na kwantabilite su zuba aji ɗaya, su karɓi kuɗi, babu ko wata guda na daidaita su. Sannan ka gama, aikin kwantabul a ba ɗan ƙanen mai gida wanda ko balans, teburin auna debi da kiredi, bai taɓa ja ba. Kuma wa zai yi karatun dare da wutar nan da ake ɗaukewa?

Tsohon Kwantabul:
Gaskiya ne, masu mastar suna zuwa koyon aiki ba su iya daidaita littafin banki da takardar banki ba, abin yana ci mini rai. Amma mu koma kan yaron. Mai bidiyonka bai yi ƙarya ba, hagu da dama ɗaya ne ko'ina. Sai dai ranar jarrabawa da Faransanci za a tambaye ka, da lambobin SYSCOHADA, a ce ka cika bilan da teburin shige da ficen kuɗi, wanda ya maye gurbin tsohon teburin da ake kira TAFIRE. Jaka 18 ta riga ta tafi, kada ta ja maka sati shida.

Ga na biyu, amortisman, rage darajar kadara. An sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya 1.800.000, zai yi shekara 4, ya fara aiki 1 ga Afrilu. Shekara cikakkiya 450.000. Shekarar farko wata 9 ne kawai, 337.500. Debi 681 kason amortisman na shekara, kiredi 2845 amortisman na abin hawa. Ragowar 112.500 tana faɗawa shekara ta biyar. Lura, babu kuɗin da ya fita daga akwati a wannan rubutu. Masu taɓa 571, kwant ɗin akwatin kuɗi, a nan sifiri suke samu.

Ma'aikacin Banki:
Da izinin Baba, ni na saɓa muku ku biyun. Mai bak A abin da ya rasa shi ne lissafin kansa: kashi cikin ɗari, ninki bisa ninki, warware x. In bai gyara wannan a sati biyun farko ba, sauran duk gini ne a kan yashi.

Misali, bashin 1.000.000, ruwa kashi 10, shekara 3, biya iri ɗaya kowace shekara: 402.115. Shekarar farko ruwa 100.000, uwar kuɗi 302.115, saura 697.885. Ta biyu ruwan a kan saura ake lissafa shi, 69.789, ba a kan miliyan ba. Ka ja teburin da hannu, in layin ƙarshe bai sauka a sifiri ba akwai kuskure. Kashi 2 a wata kuma, in ruwan yana hawa kan ruwa, 26,8 ne a shekara, ba 24 ba.

Sai VAN, wato darajar yau ta kuɗin da harka za ta kawo bayan an cire abin da aka zuba. Ka zuba 1.000.000 yau, ka samu 450.000 a ƙarshen kowace shekara har uku. A kashi 10, darajarsu ta yau 409.091 da 371.901 da 338.092, VAN kusan 119.083, harkar ta karɓu. A kashi 20 ta koma ƙasa da sifiri da 52.083. Inda ta zama sifiri, tsakanin 16 da 17, shi ne TRI. A Excel, kuɗin da ka zuba yau a wajen baka ake sa shi, don VAN tana ɗaukar adadin farko a matsayin na ƙarshen shekara ɗaya. In ka cusa shi ciki za ka ga 108.258. Excel na Faransanci kuma da alamar ɗigo da waƙafi (;) yake raba adadi, na bidiyon Amurka da waƙafi, shi ya sa in ka kwafa yake ƙi.

Malam na Birni:
Ni abin da ya dame ni duk wannan lissafin kuɗin ruwa ne. Yaro ya sayar da san kawunsa ya je koyon riba wadda Allah ya haramta? A duba wannan kafin maganar maki.

Ma'aikacin Banki:
Allah ya gafarta Malam, hukuncin naku ne, ba zan shiga ba. Abin da na sani ta fuskar aiki shi ne, ko a murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka sani ka biya kashi-kashi, sai an ja teburin biya. VAN ɗin ma mai kuɗin kansa yana amfani da ita ya auna harka biyu, ba tare da ya ci bashin kowa ba.

Tsohon Kwantabul:
Kada a raba wa yaro hankali. Ga tsari, kuma shi ne daidai. Sati uku kwantabilite: rubutu 10 kowace safiya bayan asuba, da rana ta Allah ba sai da wuta ba, daga jurnal zuwa babban littafi zuwa balans, kowace Juma'a ka ja balans ka ga ta daidaita. In bambancin hagu da dama ya rabu da 9, yawanci lambobi ka juya, kamar 54 a maimakon 45. In rabin bambancin ya yi daidai da wani adadi a jurnal, ka sa shi a ɓangaren da ba nasa ba. Sati biyu lissafin kuɗi. Sati ɗaya ƙididdiga, ta isa.

Malamar Ƙididdiga:
Sati ɗaya ba ya isa, Baba. Ko ma'anar p (adadin da gwajin ƙididdiga ke fitarwa) ƙasa da 0,05 ba a zaunar da ita a sati ɗaya, yawanci suna ɗauka tana nufin hasashensu gaskiya ne kashi 95, alhali ba haka take nufi ba.

Ɗan Garin Malam:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Sai dai da safe ba ni da lokaci, ina taya wani tsaron shago, dare ne nawa. Kuma na riga na kai babi na 7 a littafin, in na sake sabon tsari yanzu ina tsoron in rikice gaba ɗaya. Ina ganin zan ƙarasa shi, daga baya in haddace lambobin, ai hadda ba ta ba ni wuya. Ko kuwa in roƙi a ɗaga mini zuwa baɗi? Amma me zan ce wa Kawu?

Hajiya ta Zango:
Ƙanena, har yanzu ba ka faɗa mana inda ka samu 6 ɗin ba, kuma kwamfutar akwai ko babu? Kafin maganar baɗi ma, ka tambaya ko ana riƙe wa mutum kuɗin da ya biya?

Tsohon Kwantabul:
Shagon da kake tsaro ai shi ne ajinka. Rubuta cinikin gobe duka da lambobin kwant ka turo nan in duba. Ka fara da wannan: mai sabulun nan an biya shi 400.000 ta banki daga cikin 773.500. Me za ka sa a debi, me za ka sa a kiredi?

Ɗan Sabon Gari:
Baba, jerin kwant ɗin nan shafi nawa ne? In akwai mai shi a waya ya turo mana, ƙanwata ma tana nema.